Zaman Makokin Kogin Tsamau

Da sunan Wanda Ya kafa duwatsu ba da turke ba, Ya koro koguna ba da sanda ba, Ya tara tafkuna ba da ƙwarya ba. Bayan haka, ni ne Anaruwa mahaƙin rijiya, mutumin Kwandage. Na taka ƙasa mai nisa, na leƙa ruwa mai zurfi, na tsaya gaban manya masu ƙaramin hankali. Na rubuta wannan ne domin wanda zai gaji tabarmar da nake zama a kanta a bakin ruwa, ya san dalilinta. In ya karanta ya ɓoye, kada mutanen duwatsu su gani.

Garinmu a bakin Kogin Tsamau yake. Shi muke sha, da shi muke noman albasa da alkama da rani. Wata shekara ya ragu. Ta biyu ya tsinke ya zama kududdufai. Ta uku ya zama yashi. Rijiyoyi goma sha ɗaya da na haƙa da hannuna suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, har saura guda, ita ma guga sai ya dawo da rabin laka.

Mai gari Nomau ya kafa majalisar neman ruwa, mutum ashirin. Suna zama kullum daga hantsi zuwa azahar. Magana tana sa ƙishirwa, saboda haka tulun farko na rijiyar nan nasu ne. Suka tura Jatau, wanda ya fi kowa baki a garin, ya bi kogin ya gano abin da ya faru. Jatau bai dawo ba. Bayan wata huɗu majalisa ta gano cewa babu ruwa, ta yanke hukunci: in zafin bazara ya shigo kogi bai dawo ba, gari zai tashi ya yi kudu.

Matata Tabawa ta makance shekara tara kafin wannan, ƙafafunta kuma ba sa kai ta ko'ina sai bakin ƙofa. Da na gaya mata hukuncin, ta ce ba wanda zai ɗora ta a jaki kamar buhun gawayi, kuma 'ya'yanta uku a maƙabartar garin nan suke kwance.

"Malam, in za ku tafi ku tafi," in ji ta. "Ka dai ajiye mini buta a kusa."

Shekara arba'in da biyu muna tare, ban taɓa jin ta faɗi magana ta janye ba. Na ɗauki dagina da igiyata, na bar ta a hannun maƙwabciya. Ta tambaye ni ina za ni. Na ce wurin da kogin yake fitowa.

"To ka tambaye shi me muka yi masa."

Hanya ba ta da wuyar ganewa. Na shiga cikin kogin na mai da fuskata arewa. Kwana tara ina tafiya a yashi, ina wuce ƙasusuwan kifi da jiragen da rana ta tsaga. A rana ta goma na isa Mashigin Barkau, garin masu fito. Daga nesa na hango mutum huɗu sun ɗauko jirgi a ka, da wata mata zaune a ciki da kwandon kaji, na biyar yana tsaye a bayanta yana dafa yashi da gora. Haka suke ƙetarar da mutane. Dokar kakanninsu ce ba a ƙetare Tsamau sai a jirgi, kuma dokar ba ta ambaci ruwa ba.

Suna ganina suka ajiye matar suka kewaye ni. Aka kai ni gaban Sarkin Fito. Ya sanar da ni cewa duk wanda aka samu a tsakiyar kogi ba jirgi, to ya nutse, kayan wanda ya nutse kuwa na Sarkin Fito ne. Aka karɓe dagi da igiya. Wani ma ya yi mini addu'a.

Na tambayi sarkin ko mene ne aikin mai fito in ya tsamo mutum. Ya ce ya sa shi a jirgi ya kai shi inda za shi, haka doka ta ce, kuma ba a taɓa saɓa ta ba. Na ce to arewa za ni. Na shiga jirgi na zauna.

Suka ɗauke ni. Ni ba ƙaramin mutum ba ne. Da azahar wuyansu ya fara karkacewa. Sarkin Fito yana biye da mu a gefen gaɓa bisa alfadari, domin doka ta hana shi barin fito bai kai ƙarshe ba. Da la'asar ya sa aka tsaya, ya zauna da dattawansa a inuwa, suka sake duba dokar. Suka gano cewa bin kogi a tsaye ba ƙetarewa ba ne, saboda haka ban nutse ba. Aka mayar mini da kayana, aka yi mini barka da arziki. Ƙafata ta huta yini guda.

Daga nan ƙasa ta fara tashi. Yashi ya koma tsakuwa, tsakuwa ta koma duwatsu kamar rumbuna. Itatuwan da na sani suka ƙare, wasu suka fara, dogaye masu ganye kamar allura. Sanyi ya shiga ƙashina. Can sama na ga kawunan duwatsu fari fat. Na ɗauka gishiri ne. Wani makiyayi mai awaki masu gashi har ƙasa ya ce ƙanƙara ce, ita ce take narkewa ta haifi koguna. Na ce to tana nan da yawa, ina kogin? Ya dube ni, ya kora awakinsa.

Hanya ɗaya ce ke ratsa duwatsun nan, kuma ta garin Amsawa take bi. A gaban garin akwai kwazazzabo mai zurfi, a hayinsa wani dutse mai faɗin fuska wanda in ka yi magana da ƙarfi yake mayar maka da ita. Mutanen garin sun naɗa shi Waziri tun zamanin kakanni, har rawani suke ɗaura masa a wani tsauni. In sarkinsu ya yanke hukunci, sai ya je ya faɗa da ƙarfi, Waziri ya maimaita, a ce ya amince. Shekara ɗari uku bai taɓa saɓa wa sarki ba. In baƙo ne ya zo neman hanya, shi ma a kai shi ya faɗi buƙatarsa, Waziri ya maimaita, a ce ya ji kuma yana dubawa, baƙo ya jira. Na ga masu jiran. Wasu sun yi aure a garin, wani har da jikoki.

Aka tsai da ni a bakin kwazazzabon, gari duka a bayana, aka ce in faɗi abin da ke tafe da ni. Na dubi dutsen. Na fasa irinsa da yawa a ƙarƙashin ƙasa, ban taɓa ganin dalilin yi wa ɗaya ihu ba. Na yi shiru. Shi ma ya yi shiru. Muka daɗe a haka.

Sai na ji wani tsoho yana sharɓar kuka a bayana. Ya ce tun da aka haife shi bai taɓa ganin Waziri ya rufe baki gaban ɗan Adam ba, wannan kunya ce irin ta suruki. Sarki da kansa ya sauko daga kan buzunsa. Aka sa mini rigar fatar tunkiya, aka ba ni sanda mai gashin akuya a ka. Aka ce mai riƙe da sandar nan, kowace majalisa a ƙasar duwatsu dole ta saurari maganarsa, amma magana ɗaya tak. Na ce ta ishe ni. A hankali na faɗa, kada Waziri ya ji.

Kwana huɗu ina hawa. Da hantsin na biyar na fito kan wani tudu, na ga ruwan garinmu.

Tafkuna biyu ne, tudu ɗaya ya raba su. Na hagu ja ne kamar kunun kanwa, na dama kore shar. Kowanne ya cika kwarinsa har inda ido ya tsaya. A bakin kowanne an gina katanga ta duwatsu da gungume, tsawon giginya biyar, mutane kuma sun yi layi kamar tururuwa, kowa da dutse a ka, suna ƙara mata tsawo. A ƙasan katangun busassun hanyoyin ruwa biyu suka gangaro suka haɗu. Daga mahaɗar nan Tsamau yake farawa. Da na leƙa tafkin kore na ga rufin ɗakuna a ƙarƙashin ruwa, kifaye suna shiga rumbu suna fita.

"Baba Anaruwa, kai ma sun kama ka?"

Jatau ne, ya rame, da gammo a ka. Bakinsa ne kawai bai rame ba. Ya zaunar da ni ya ba ni labari, zan taƙaita. Jan kogin sunansa Gwalam, koren Sirdau. Mutanen nan suna ɗaukar koguna da duwatsu kamar mutane, da sarauta da zumunci da komai. Kowane kogi yana da mai riƙe masa girma: Magajin Gwalam da Magajiyar Sirdau. Tsamau kuwa ɗansu ne su biyu. Shekara uku da suka wuce, a wajen wani biki, wani mutumin Gwalam ya ƙoshi, ya ce ku dubi yadda Sirdau take lanƙwasowa a mahaɗa, kamar mai durƙusawa ta gaida na gaba da ita. Magana ta kai kunnen Magajiya. Ta ce daga yau Sirdau ba ta ƙara zuwa gaida kowa, ta sa aka datse ta. Magaji ya ce in Gwalam ya sauka mahaɗa shi kaɗai, za a ce ya je jiran ta a ƙofa. Shi ma ya datse. Tun daga ranar ruwa ya ci ƙauyuka goma sha huɗu nasu na kansu, zauren majalisa kuma sau biyar ana matsar da shi sama.

Kowane baƙo ana yi masa tambaya ɗaya: wa ya kamata ya je ya gaida wani? In ka ce Sirdau, mutanen Sirdau su sa ka dakon dutse har ka mutu. In ka ce Gwalam, haka. Jatau ya yi jawabi daga hantsi zuwa la'asar yana yabon kowanne, duka ɓangarorin suka ji daɗi, suka raba shi. Da safe yana yi wa Gwalam dako, da yamma Sirdau.

Aka ce majalisa sai bayan kwana uku. Na yi amfani da kwanakin na duba katangun da idon sana'ata. Gindin kowacce yana tsattsafo, ƙasar ta yi laushi kamar ƙulli. Ba za su kai wata narkewar ƙanƙara ba. In suka fashe da kansu, Kwandage ba ƙishirwa ce za ta kashe ta ba, ambaliya ce. Na auna dagina a hannu, na mayar. Rami ɗaya zai rushe duka a lokaci guda. Sai dai masu katangar su buɗe da hannunsu, kuma a hankali.

A rana ta biyu muka wuce wani gida, na ga tsofaffi biyu zaune a kan tabarma ɗaya, gemunsu ya yi buzu-buzu, tabarmar ta fara ruɓewa. Jatau ya ce zaman makoki ne, dutse ne ya danne ƙanensu wata bakwai da suka wuce. A al'adar ƙasar, babban gida shi ne yake fara zama a tabarma ya karɓi gaisuwa, wanda kuma ya fara tashi ya bar wa ɗan'uwansa girman gidan ke nan. Su biyun tagwaye ne. A nan ake kawo musu abinci.

Na tsaya na dube su da kyau. Jatau ya ce me nake kallo. Na ce ba komai.

Ranar majalisa aka kai ni kan tudun da ke tsakanin tafkunan. Magaji ƙato ne mai rawani uku, ɗaya kan ɗaya. Magajiya 'yar siririya ce, mundaye har gwiwar hannu. Sun juya wa juna baya, domin haɗa ido ma gaisuwa ce. Sanƙira, mai shelar fada, ya yi mini tambayar. Na ɗaga sandar gashin akuya.

"Ranku ya daɗe, ban zo da amsa ba, sanarwa na kawo. Ɗanku Tsamau ya rasu, shekara uku ke nan. Mun shimfiɗa tabarma a Kwandage, har yau ba babban da ya zo ya zauna ya karɓi gaisuwa. Mutane sun fara tambaya ko maraya ne."

Na sauke sanda. Maganata ta ƙare.

Can Magaji ya karkata ya tambayi na kusa da shi, a hankali, ko an ga wani motsi a wancan ɓangaren. Magajiya ta ji. Ta ce wa nata ita ta ɗauki cikin yaron, ba za ta zauna a ƙasan kowa ba a makokinsa, a rushe katanga yanzu. Magaji ya ce a rushe tasa kafin ta rufe baki. Mutane suka zubar da duwatsun ka suka ruga neman gatari.

Ni ba ni da sauran magana. Na taka ƙafar Jatau, na nuna masa katangar da baki, na nuna kudu. Allah Ya sa ya gane. Ya shiga tsakiya ya buɗe bakin nan nasa. Ya ce a ƙasarmu wanda ya iso gidan makoki a guje, ɗan aike ake ɗaukarsa, a karɓi saƙonsa a tsaye a ba shi ruwa a moɗa. Babba kuwa takawa yake ɗaya-ɗaya, ana jin zuwansa kafin a gan shi. Ya kawo misalin sarakuna bakwai da ban taɓa jin sunansu ba. Ya yi ta yi har rana ta karkata. Ban taɓa jin daɗin surutun mutum ba sai ranar.

Ƙarshe dai kowane ɓangare ya buɗe ƙofa ɗaya mai faɗin shigar raƙumi, don kada a ce yana gudu. Kowanne kuma ya sa mai leƙen ɗayan, don kada a riga shi. In Gwalam ya cire dutse ɗaya, Sirdau ta cire ɗaya. Ruwa ya gangara mahaɗa, ja a hagu, kore a dama, kafaɗa da kafaɗa, ba mai taɓa wani.

Muka ɗaure gungume huɗu da igiyata, ni da Jatau, muka hau muka bi bayan ruwan. A Mashigin Barkau muka wuce masu fito tsaye a tsakiyar kogi, ruwa iya ƙirji, jirgi a ka, mai gora a sama. A cikin shekaru ukun nan an naɗa Sarkin Dakon Jirgi, shi kuwa ya ce ba a sauke jirgi a ruwa sai an zauna an duba doka. Jatau ya yi musu sannu da aiki.

Ruwa ya riga mu isa da kwana biyu. Bazara ta riga ta shigo, gari ya ɗaure kaya, rabinsa har ya yi zango ɗaya a hanyar kudu aka aika suka juyo. Ranar tashin, Tabawa ta sa maƙwabta suka ɗauke ta suka ajiye a bakin gaɓa da butarta, ta ce su tafi. A nan na same ta, ƙafafunta a cikin ruwa.

"Ka tambaye shi?"

"Na tambaya."

"Me muka yi masa?"

"Ba mu ba ne. Manya ne suka ƙi gaisawa."

Ta ce na daɗe, kuma rigar da ke jikina warin bunsuru take yi.

Majalisar mai gari Nomau ta sanar cewa zamanta ya yi albarka. Suka yi sababbin rawuna, suka koma majalisar kula da ruwa, har yau suna zama. Abu biyu kawai na nema, aka ba ni: a shimfiɗa tabarma a bakin gaɓa kada a naɗe ta, kuma kada wani ya ƙara kiran ruwan nan Tsamau. Tsamau ya rasu. Wannan iyayensa ne suke zaman makoki. Yaro in ya yi kuskure ya kira sunan, uwarsa ce take murɗe masa kunne.

Kowace shekara bayan narkewar ƙanƙara manzanni biyu suna saukowa, ɗaya daga kowane ɓangare. Su same ni a gefen tabarma, su durƙusa su ce ya haƙuri, in ce da godiya. Shekarar farko suka tambaye ni wane ruwa ne ya fara isowa, ja ko kore. Na ce ina hanya, mutum ɗaya ne a bakin gaɓa ranar. Aka kai su gaban Tabawa.

"'Ya'yana, na dai ji sanyi a ƙafata," in ji ta. "Ja ne ko kore, ku tambayi mai ido."

Kafin su tafi, kowanne yakan ja ni gefe ya tambaya ko ɗayan ya nuna alamar tashi. In ce ban gani ba. Ya ce to su ma suna nan.

Shekara goma sha ɗaya muka yi a haka. Bara, ana cire albasa, Tabawa ta rasu. Na haƙa mata da hannuna kusa da 'ya'yanta, ƙasar da danshinta. Kwana shida bayan nan manzannin suka iso, ba su san komai ba. Suka same ni a wurin da suka saba, suka durƙusa suka ce ya haƙuri. Na buɗe baki in ce da godiya, abin ya ƙi fita. Suka zauna tare da ni har la'asar.

Da suka koma suka ba da labari cewa a Kwandage har yanzu ana kukan Tsamau kamar jiya ya rasu. Bana ruwa ya hau matakala biyu a mashaya. An ce kowannensu ya ƙara cire dutse ɗaya.

Kai da za ka gaje ni, kada ka naɗe tabarmar, kada ka yi surutu. Iyakar abin da na sani ke nan.